Taswira

taswira [tàswiiràa] sn., mc.; jam. taswiiroorii, daga Lar.

1. Zanen ƙasa ko gari da iyakokinsa: *~r masarautar Gumel*; *~r iyakar Nijeriya da Nijar ta Maigatari*.

2. Zanen fasalin gini kafin a aza harsashi: *~r sito*.

3. (ilmin kwamfuta) *~r alaƙa*: zanen da ake tsarawa da manhaja kafin a gina rumbun bayanai, domin a tantance abubuwan da za a adana labarinsu, da siffofin kowane, da nasabar da ke tsakaninsu, bisa ƙa'idar da Peter Chen ya shimfiɗa a 1976, wadda a cikinta murabba'i ke wakiltar abu, siffar daimon kuwa ke wakiltar nasabarsa da ɗan'uwansa, kuma lalle wanda ya tsallake wannan mataki yakan wayi gari da bayanai masu maimaita juna, masu saɓa wa juna. Mis.: *a ~r alaƙa ta sito na yankin ciniki maras haraji na Maigatari, ɗan kasuwa, da mota, da kaya irin su riɗi da zoɓo, kowane da murabba'insa*, *~r ta nuna dillali ɗaya na iya sayar da shanu da yawa ran kasuwar Alhamis, amma kowace saniya mai ita ɗaya ne*, *ya zana ~ da MySQL Workbench*.

Dangi: *mai zana ~*, sn., nj./mc., jam. *masu zana ~*. Dub. sura, zane, jadawali, alaƙa.