Ɗan Tasawa, Zafin Rana da Murhun Mai Sauƙi

Maƙalar wannan mako ta tsallaka da mu Nijar.

Yau in ka ga farantin sola a bakin garka yana ɗago ruwa, sai ka ɗauka sabon abu ne da ya zo tare da wayar hannu. To, tun 1965 Nijar ta kafa hukumar binciken makamashin rana mai suna ONERSOL, shekara biyar kacal bayan samun 'yancin kai. Wanda ya fi yi mata suna shi ne Farfesa Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa a 1929, masanin kimiyyar lissafi da makamashi, wanda ya karɓi ragamarta a 1969 bayan ya yi irin wannan aiki a Bamako. Ya rasu a 1991, kuma sunansa jami'ar Yamai ke ɗauke da shi.

Tunaninsa a fili yake: ƙasar manoma da makiyaya, ba teku, man fetur sai an yi masa doguwar tafiya a mota, ga rana kyauta tana dukan kowa. ONERSOL ta ƙera tankunan dumama ruwa, da na'urorin tace ruwa, da na girki. Babban burin shi ne famfo. A irin wannan famfo ba lantarki ake samu daga rana ba, zafinta ake tarawa a faffaɗan ƙarfe, zafin ya motsa inji, injin ya ja ruwa. Wani kamfanin Faransa, Sofretes, ya kakkafa irin waɗannan famfuna a ƙasashen Sahel bayan farin 1973. Sun yi aiki, amma da tsada, ga nauyi, kuma in wani abu ya lalace, maƙerin gari sai dai ya tsaya kallo. Da farantin lantarki ya fara sauƙi, aka bar su. Kamfanin ma ya rufe a 1983.

Abin da ya fi shiga gidaje bai kai su kwarjini ba. A shekarun 1980 aka fito da murhun ƙarfe da aka raɗa wa suna da Hausa: Mai Sauƙi. Gwangwani ne mai tare iska, ya rungumi tukunya, zafin bai watsewa kamar na murhun duwatsu uku. Masu ƙira na kasuwa suka koyi yin sa da tsofaffin ƙarafa. A birni aka fi sayen sa, amma itacen da yake ragewa daga dazukan ƙauye ake saro shi, inda ƙasa ke tsiraicewa iska na kwashe ta.

Sai 1992 aka taɓa tushen matsalar. Doka ta ba ƙauyuka ikon kula da dajinsu, su buɗe kasuwar itace tasu, wani kaso na harajin ya zauna a garin. Kafin nan, dillalan birni ke shigowa da manyan motoci da takardar izini, manomi yana ji yana gani. A ganina wannan doka ta fi kowane inji nauyi a tarihin, ko da yake ba ko'ina aka bi ƙa'idar sara ba.

Ga mai neman jigon labari: ban daina tunanin wanda aka ba gadin irin wancan famfo ba, ranar da injin ya yi shiru, mata na tsaye da tuluna.