Zanen Farashi da Takardar Babban Banki: Nazari daga Gangaren Tudu

Keffi gari ne na ɗalibai da ma'aikata. Jami'ar Jihar Nasarawa tana nan, Abuja kuma ba ta wuce tafiyar kilomita 50 da 'yan kai ba, don haka duk abin da ya shigo yayi a babban birni ba ya kwana bai iso ba. Guguwar mainin ta 2024, wadda wasannin waya masu alƙawarin kuɗin kirifto, Notcoin da Hamster Kombat, suka tayar, ta sa yaro da babba dannar waya dare da rana. Da rabon Hamster ya zo a watan Satumba bai yi auki ba, da yawa suka watse, amma wasu suka ce sun bar mainin sun koma tiredin. Su ne za ka gani yau a Gangaren Tudu da sauran unguwanni, a shagon caji ko teburin mai shayi, sun ƙura wa waya ido, kyandirori kore da ja suna hawa da sauka, suna ja musu layuka da yatsa.

Abin da suke yi ilimi ne mai tarihi. Zanen kyandir ya samo asali daga kasuwar shinkafa ta Dojima a birnin Osaka na Japan, ana kuma danganta shi da wani ɗan kasuwa na ƙarni na 18, Homma Munehisa. A Amurka, Charles Dow, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa jaridar Wall Street Journal a 1889, shi ya shimfiɗa tunanin cewa farashi yana bin turba, kuma turbar ba ta juyawa sai ta ba da alama. Kowane kyandir yana ɗauke da lamba huɗu: farashin buɗewa, na rufewa, mafi tsada da mafi araha a cikin lokacin da aka zaɓa. Daga nan mai nazari yake neman matokara, wato inda farashi ya saba tsayawa idan yana faɗuwa, da rufi, inda ya saba buga kai ya dawo. Yakan lissafa matsakaicin farashin kwana 50 da na kwana 200, idan gajeren ya haura dogon ya ce lokacin saye ya yi. Akwai kuma ma'aunin RSI da J. Welles Wilder ya fitar a 1978, wanda ke auna hawa da saukar zango 14 na baya: ya wuce 70 a ce saye ya yi yawa, ya gaza 30 a ce an zubar da kaya fiye da kima.

Masana sun gwada waɗannan dabaru, kuma sakamakon bai ba kowa cikakkiyar nasara ba. A 1992 Brock da Lakonishok da LeBaron sun ɗora ƙa'idojin matsakaicin farashi a kan ma'aunin Dow Jones daga 1897 zuwa 1986, suka ga lallai suna hango wani abu. A 1999 Sullivan da Timmermann da White suka sake gwaji, suka ga a shekarun da suka biyo baya fifikon ya ɓace. Dabarar da kowa ya sani ta daina zama dabara. Wani bincike a Brazil, na Chague da De-Losso da Giovannetti, ya bi masu saye da sayarwa a yini guda, ya tarar kashi 97 cikin 100 na waɗanda suka dage fiye da kwana 300 asara suka yi.

Wannan a kasuwanni masu zurfi ke nan. Matsalar ɗan Keffi ta fi haka, domin abin da ke juya farashi a Najeriya sau da yawa ba ya cikin zanen, daga wani ofishi a Abuja yake fitowa.

A dubi kasuwar hannun jari ta Legas, wadda ta fara ciniki a 1961, yanzu ake kira NGX. Babban ma'auninta ya faro da maki 100 a Janairun 1984, ya kai ƙololuwar 66,371 a Maris na 2008, sannan ya rikito zuwa wajen 20,000 a 2009. Sai a Agustan 2023 ya sake haura wancan matsayi. A littafin masu zane, wannan babbar bushara ce: rufin shekara 15 ya fashe. Ma'aunin ya rufe 2023 da ƙarin kusan kashi 46 cikin 100, ya tsallake 100,000 a Janairun 2024, ya rufe wannan shekarar da ƙarin kusan kashi 38. Duk gaskiya ne, amma da naira aka auna. A Maris na 2008 dala ɗaya ba ta kai naira 120 ba, a Agustan 2023 kuwa ta haura 750 a kasuwar hukuma. Rufin da aka ce ya fashe, idan aka mayar da shi dala, ko kashi ɗaya bisa shida ba a kai ba. Haka kuma ribar 2023: naira ta tashi daga wajen 460 ta kusa 900 bayan Babban Banki ya sake ta a Yunin shekarar, saboda haka wanda ya bi ma'aunin ya rasa kusan rubu'in darajar dukiyarsa a dala. A 2024 hauhawar farashin kaya ta kai kashi 34.8 a Disamba, ta cinye kusan duk ƙarin da aka samu.

Ga kuma ƙuncin kasuwar. Kamfanoni ƙalilan, irin su Dangote Cement, BUA Foods, MTN Nigeria da Airtel Africa, su ne ke ɗauke da kaso mai tsoka na ma'aunin, kuma a wasunsu yawancin hannayen suna wurin masu kamfanin, kaɗan ne ke yawo. A Janairun 2024 kaɗai hannun jarin Dangote Cement ya ninka fiye da sau biyu, ya ja ma'aunin gaba ɗaya sama. Mai kallon layi zai ɗauka kasuwa ce duka ta motsa. Sannan dokar NGX ba ta barin farashin hannu ya hau ko ya sauka fiye da kashi 10 a yini, don haka labarin da zai girgiza kamfani a awa ɗaya sai ya rarrabu cikin kwanaki, ya fito a zane kamar turba mai kyau. Ranar da kowa ke son fita, sai ka sa kayanka a layi babu mai saye. Ƙara da la'adar dillali da kuɗaɗen hukuma, waɗanda saye da sayarwa ɗaya kan kusa kashi 4, sai ka ga dabarar shiga da fita a kowane mako dillali take yi wa aiki.

A takardun lamuni na gwamnati ma lissafin ya fi fitowa fili. A ce ka sayi takardar naira 1,000 mai biyan kashi 12 a shekara, da sauran shekara 10. Idan sabuwar takarda ta fito tana biyan kashi 18, ba wanda zai karɓi taka sai ka karya ta zuwa wajen naira 730. Babu kyandir a wannan lissafin. Babban Banki ya ɗaga ma'aunin kuɗin ruwa daga kashi 18.75 a farkon 2024 zuwa 27.5 a Nuwamba, kuma wanda ya bi taron kwamitin da ke yanke wannan hukunci da alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ya riga mai zane sanin inda aka dosa. Mafi yawan ƙananan masu saye ma ba sayarwa suke yi ba. Takardar adashi da Ofishin Kula da Basussuka ya fara fitarwa a Maris na 2017 daga naira 5,000 take farawa, a riƙe shekara biyu ko uku. Masu gudun kuɗin ruwa kuma suna da sukuk, wanda na farko ya fito a Satumban 2017, naira biliyan 100, aka zuba a hanyoyi 25, ciki har da gadar Loko zuwa Oweto da ta haɗa Nasarawa da Binuwai.

Kirifto ne inda matasa suka fi yawa, kuma nan ne zane ya fi rinjaye, tunda babu ribar kamfani ko haya da za a auna. Bitcoin ya kusa dala 69,000 a Nuwamban 2021, ya faɗo wajen 16,000 bayan rushewar dandalin kirifto na FTX a Nuwamban 2022, ya haura 100,000 a Disamban 2024. Ɗan Najeriya yana da ƙarin haɗari a kan wannan. Ranar 5 ga Fabrairun 2021 Babban Banki ya hana bankuna hulɗa da harkar, bai janye ba sai Disamban 2023. A Fabrairun 2024 aka tsare jami'an dandalin kirifto na Binance biyu, a Maris kamfanin ya rufe cinikin naira. Babu RSI da ya nuna ko ɗaya. Wanda kuma ya ranci ƙarfi ninki 20, motsin kashi 5 kacal zuwa inda bai so ba ya isa ya share masa jari, ko da daga baya hasashensa ya tabbata. Masu sayar da sigina, wato shawarar lokacin saye da sayarwa, a Telegram hoton ranar riba suke turowa, na ranar asara yana cikin wayarsu.

Masu ajiyar hatsi sun san wannan darasi. Turbarsu ta fi ta kowane zane tsufa da tabbas: a saya da kaka, a sayar da bazara ko tsakiyar damina. A Yulin 2024 gwamnati ta sanar da ɗage harajin shigo da masara, shinkafa, alkama da wake na kwana 150, a 2025 farashi ya karye, waɗanda suka cika rumbu suka sayar ƙasa da yadda suka saya.

Ban ce zane ba shi da amfani ba. A ganina amfaninsa na gaskiya horo ne: yana tilasta wa mutum ya yanke, kafin ya shiga, inda zai fita idan abu ya juya, da nawa zai iya rasawa. Matokara da rufi ma sukan yi aiki na ɗan lokaci don kawai dubban mutane suna kallon layi ɗaya. Amma duk wanda ya ce yana da dabarar da ke ci, akwai hanyar gwada shi, kuma aiki ne da ɗalibin tattalin arziki a jami'ar Keffi zai iya yi a kundin kammala karatunsa. A ɗauki ƙa'ida ɗaya, a rubuta ta tun kafin a ga sakamako, a ɗora ta kan farashin NGX daga 2008 zuwa yau, a cire la'ada, a cire hauhawar farashi, sannan a kwatanta da wanda ya sayi sukuk ya ajiye. Dokar zuba jari da aka sa wa hannu a Maris na 2025 ta shigar da kadarorin intanet ƙarƙashin hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari, ta kuma tanadi ɗauri ga masu adashin damfara, wata guda kafin manhajar zuba jari ta CBEX ta rufe da kuɗin jama'a. Ita ma CBEX da sunan sigina ta tara mutane.