Bin sawun digiri a shafin jami'a: yadda ɗalibi zai san abin da ya rage masa

Bara waccan ƙanena ya rubuta jarrabawarsa ta ƙarshe a wata jami'a ta nan Kudu. A gida har an soma zancen walima, tsohuwarmu ta buga waya Arewa ta gaya wa dangi yaro ya gama. Da jerin sunayen masu kammalawa ya fito, babu sunansa. Da aka bi diddigi, ashe wani kwas ne mai yunit 2 da ya yi tun yana aji biyu, sakamakonsa bai taɓa hawa shafinsa ba. Shekara biyu gurbin yana nan fayau, shi kuwa duk sanda ya buɗe shafin makinsa na jimla kawai yake dubawa ya rufe. Shekara guda cur ya ƙara, da sabon kuɗin makaranta da na haya.

Dalilin wannan rubutu ke nan. Akwai yaranmu da yawa a jami'o'in Legas da Ibadan da Ife da Fatakwal, akwai waɗanda muka tura Zariya da Kano, ga kuma 'yan kasuwa masu karatu a Buɗaɗɗiyar Jami'a ta NOUN. Kowannensu yana da shafi a intanet, wanda ɗalibai ke kira fotal.

A jami'o'in Amurka akwai manhaja ta musamman don wannan aiki, ɗaya daga cikin sanannu ita ce Degree Works ta kamfanin Ellucian. Tana jera wa ɗalibi duk sharuɗɗan digirinsa, ta nuna wanda ya cika, da wanda yake kai, da wanda bai taɓa ba, har tana iya nuna masa abin da zai rage in ya sauya fanni. Namu shafukan galibi ba haka suke ba. Suna nuna kwasa-kwasan da ka yi wa rajista da makin da ka ci. Abin da ba ka yi ba, sau da yawa shiru za su yi maka a kai. To wannan ɓangaren kai ne za ka yi shi da hannunka.

Kayan aikin biyu ne: shafinka, da kundin sashe, wato ɗan littafin nan da ake bai wa sababbin ɗalibai, mai jerin kwasa-kwasan kowane aji. A lura, kundin shekarar da ka shiga shi za ka nema. Hukumar jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta ƙaddamar da sabon tsarin manhaja mai suna CCMAS a ƙarshen 2022, kuma ya sa lambobi da sunayen kwasa-kwasai da dama sun canja. Idan ka ari kundin wanda ya riga ka da shekara uku, ko na wanda yake bayanka, za ka iya auna kanka da mudun da ba naka ba.

Ka samu takarda ka ja layi huɗu. Na farko lambar kwas, na biyu yunit ɗinsa, na uku ko ka yi masa rajista, na huɗu makin da ya fito. Ka kwafo jerin daga kundi, ba daga shafi ba, sannan ka riƙa cikewa daga shafi. Duk gurbin da ya rage babu komai, nan matsalar take.

Abu na farko da za a ƙirga shi ne yunit. Mafi ƙarancin abin da NUC ta gindaya ga digirin shekara huɗu shi ne yunit 120 ga wanda ya shigo ta jarrabawar JAMB, 90 ga wanda ya shigo kai tsaye aji biyu da difloma ko NCE. Sashe na iya neman fiye da haka. Kuma waɗanda ka ci ake ƙirgawa, ba waɗanda ka yi wa rajista ba.

Amma cika 120 kaɗai ba ya fitar da mutum, kuma nan ne ƙanena ya faɗa. Kwasa-kwasai iri-iri ne. Akwai na dole, waɗanda ko yunit 140 ka tara, in ɗaya ya rage ba ka gama ba. Akwai na zaɓi, su ma sau da yawa da ƙa'ida, misali a ce sai ka ɗauki kaza daga wajen sashenku. Sai na GST, irin su Turanci da koyon sana'a, waɗanda ɗalibai suka fi rainawa. A cikinsu ne sakamako ya fi ɓacewa, domin ɗaruruwan ɗalibai daga sassa daban-daban ke zaunawa jarrabawa ɗaya, kuskuren lamba guda a lambar ɗalibi ya isa ya kai makinka wani wuri. Masu kimiyya da injiniyanci su ƙara da SIWES, zaman koyon aiki da hukumar ITF ke kula da shi, su tabbata makinsa ya hau. Haka ma firojet na ajin ƙarshe.

Sai maganar kari-oba. Kwas ɗin da ka faɗi ba ya goge kansa, kuma zama jarrabawar ba tare da sake rajista ba aikin banza ne, malami zai iya makin takardarka amma babu inda za a ɗora shi. Matsalar ita ce akwai iyaka ga abin da za ka ɗauka a zango guda, yawanci yunit 24. Kwas na zangon farko kuwa sai a zangon farko ake maimaita shi. Wanda ya bar kari-oba uku suka taru har aji huɗu, zai tarar babu wurin da zai cusa su, shi ke nan sai sifil-oba. Wani kwas ɗin ma sharaɗi ne na shiga na gaba da shi, in ka faɗi na aji biyu an rufe maka na aji uku. Zaman ma yana da wa'adi: a ƙa'ida, mai digirin shekara huɗu ba ya wuce shida.

Yanzu lissafin CGPA. A tsarin maki biyar da yawancin jami'o'i ke bi, A (70 zuwa sama) maki 5 ne, B 4, C 3, D 2, E 1, F babu komai. Ana ninka makin da yunit ɗin kwas, a tara, a raba da jimlar yunit da aka yi wa rajista. A ce ka ci B a mai yunit 3, A a mai 2, C a mai 2, ka faɗi wani mai 3. Ka samu 12 da 10 da 6, jimla 28, a raba da 10, ya ba da 2.80. Ka ga F ɗaya ta ja ka ƙasa, kuma a yawancin wurare tana nan cikin lissafi ko bayan ka maimaita ka ci. Daraja ta ɗaya daga 4.50 take farawa, ta biyu babba 3.50, ta biyu ƙarama 2.40, ta uku 1.50.

Amfanin sanin wannan shi ne mutum ya daina mafarki. Wanda ya gama aji uku da 3.30 a kan yunit 90 yana da maki 297. In yana son fita da 3.50 a kan 120, sai ya kai 420, wato 123 a yunit 30 da suka rage, kusan 4.1. B zalla ba za ta kai shi ba, sai da A a ciki. Gara ya san haka tun watan farko.

In ka ga gurbi ko makin da ba ka yarda da shi ba, kada ka tsaya ga "ai za a gyara". Ka je wurin kodinetan ajinku, sannan jami'in jarrabawa na sashe, da takardar ƙorafi a rubuce, ka riƙe kwafi. Ka haɗa da takardar rajistar kwasa-kwasai da aka sa wa hannu. Shi ya sa nake cewa kowane zango a je kafe a buga rajista da sakamako a ajiye, domin in an sauya shafi wani lokaci tsofaffin bayanai ba sa biyowa. Kuma abin da ke shafi ba shi ne hukuncin ƙarshe ba sai majalisar jami'a ta amince da shi.

Iyaye kuma, Alhaji ko ba ka yi boko ba za ka iya wannan. "Yaya karatu?" amsarsa kullum "Alhamdulillahi" ce. Ka ce ya buɗe wayar a gabanka ya nuna maka yunit nawa ya ci, nawa suka rage, F nawa ce ba a maimaita ba. In da wani ɗan unguwa da ya gama, a kira shi ya zauna tare da ku.

Abu guda da ba ya cikin shafin jami'a amma yana tare mutum a bakin ƙofa: kafin a tura ka bautar ƙasa sai sunanka yana cikin kundin ɗaliban da JAMB ta san da shigarsu, kuma a shafin JAMB ake duba shi. A duba tun aji ɗaya, a tabbata suna da ranar haihuwa sun yi daidai da na takardar WAEC ko NECO. Wanda ya haura shekara 30 lokacin kammalawa takardar yafewa NYSC ke ba shi maimakon sansani, don haka ga wanda ya shiga jami'a da girma, shekarar sifil-oba ɗaya tana iya hana shi sa kakin.