Wa Ke Biyan Kuɗin Tiyata? Tarihin Ɗaukar Nauyin Jinya a Yagwa

Garin Yagwa, hedikwatar yankin Mayo-Danay da ke Arewa Mai Nisa ta Kamaru, yana kusa da kogin Lagon wanda ya raba shi da Bongor ta ƙasar Cadi, kuma tun kafin zuwan asibiti al'ummominsa, Masa da Tupuri da Musgum da Fulani da Hausawan fatauci, suna da tsarinsu na ɗaukar nauyin mara lafiya. A wurin Masa saniya ita ce baitulmali, da ita ake biyan sadaki, ita kuma ake kaiwa kasuwa idan ciwo ya ci ƙarfin gida. A unguwannin Hausawa kuwa wanzami ne mai aska, shi ke yin ƙaho da sakiya da kaciya, ana sallamarsa da hatsi ko da kasonsa na ragon suna, ba tare da an yanke masa farashi ba. Abin da yau ake kira inshorar lafiya, wato tara kuɗi tun ana lafiya domin ranar ciwo, a wancan zamani zumunci ne yake yin aikinsa.

Mulkin Faransa ya zo da jinya kusan kyauta, amma wadda aka karkata ga annoba, kamar yadda ayarin likita Eugène Jamot ya bi ƙauyuka a shekarun 1920 yana farautar ciwon barci. Bayan samun 'yanci a 1960 gwamnati ta ci gaba da wannan tsari, sannan a 1967 ta kafa asusun CNPS domin masu albashi, wanda ya ƙunshi fansho da alawus na iyali da haɗarin wurin aiki, amma bai zama inshorar ciwon yau da kullum ba. A Yagwa masu albashin kaɗan ne, mafi yawansu ma'aikatan gwamnati da na SEMRY, kamfanin noman shinkafa da aka kafa a 1971, alhali dubban manoman da ke dasa shinkafar suna wajen kowane tsari.

Babban juyi ya zo ne bayan taron Bamako na 1987, inda ministocin lafiya na Afirka, tare da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF, suka amince majinyaci ya riƙa biyan wani kaso na magani domin kantin asibiti ya daina zama fayau. Kamaru ta shiga wannan tafarki a farkon shekarun 1990, daidai lokacin da aka zaftare albashi a 1993, aka kuma karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994. Daga nan ne aka saba da takardar da likita ke miƙa wa dangi kafin a shiga ɗakin tiyata, mai ɗauke da safar hannu da zaren ɗinki da ledar ƙarin ruwa da allurar barci, kowanne sai an biya a taga an kawo rasit. Takardar takan zaga gidaje kafin ta koma asibiti, ta bi ta hannun kawu da ƙungiyar adashi, a sayar da akuya ko buhun shinkafar da aka ajiye don damina. Har yau kusan kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Kamaru daga aljihun iyalai suke fitowa.

A cikin wannan yanayi ne ya kamata a auna tiyatar rage mama, wato aikin da ake yanke wani ɓangare na nama da kitse da fatar nono idan girmansa ya zama cuta. Masu fama da wannan lalura suna kuka da ciwon wuya da baya, da kantar da igiyar rigar mama ke bari a kafaɗa, da ƙuraje ko gyambo a ƙarƙashin nono inda gumi ke taruwa, kuma akwai nau'in da ke tasowa da juna biyu ya kumbura cikin 'yan watanni. Ga macen da ke wuni a sunkuye tana dashe cikin fadama, kiran wannan aiki kwalliya rashin adalci ne. Sai dai a ko'ina mai biya shi ke shata iyaka tsakanin magani da ado. A Faransa asusun lafiya na ƙasa yana biya idan abin da za a cire ya kai giram 300 a kowane nono, a Amurka kuma kamfanonin inshora sukan nemi shaidar cewa an gwada wasu hanyoyin sun gaza, ko da yake dokar 1998 ta wajabta musu gyaran nono bayan tiyatar ciwon daji.

Arewacin Kamaru bai kai ga irin wannan muhawara ba, domin tsare-tsaren da suka iso sun fara ne da ceton rai. Shirin Chèque Santé, wanda Faransa da Jamus suka tallafa a yankunan Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa, ya bai wa mai ciki damar biyan sefa 6,000, jaka shida a bakin 'yan kasuwa, ta samu awo da haihuwa har da tiyatar ciro jariri idan ta kama. A Afrilun 2023 ministan lafiya Manaouda Malachie ya ƙaddamar da zangon farko na inshorar lafiya ta kowa da kowa, wanda ya haɗa wannan shiri da jinyar zazzaɓin cizon sauro ga yara 'yan ƙasa da shekara 5 da rangwamen wankin ƙoda. Wannan fifiko yana da hujja a yankin da mata ke mutuwa wurin haihuwa, amma ya nuna cewa tsarin ya san mace ne a matsayin mai ciki, kuma 'yan makonni bayan ta sauka kariyar takan ƙare. Wadda nauyin ƙirjinta ya hana ta aiki, idan asibitin Yagwa ya tura ta gaba, sai ta nemi kuɗin mota zuwa Marwa ko Garwa, wani lokaci har Yawunde inda ƙwararrun wannan fanni suka fi yawa, ta haɗa da kuɗin masauki da na mai jinya, duka daga garke ko rumbun gidansu.