Sirrin Almasihu da Tafarkin Almajiranci a Bisharar Markus

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda Bisharar Markus ta ɗaure tambayar ko wane ne Almasihu da tambayar yadda ake bin sa. Hujjarta ita ce, umarnin yin shiru da ake ta maimaitawa a littafin da kuma gazawar almajirai aiki ɗaya suke yi, wato jinkirta fahimta har sai an iso gicciye. An dogara ga tsarin 8:22 zuwa 10:52, sannan aka auna ra'ayoyin Wrede da Weeden.

1.0 Gabatarwa

Tun bayan nazarin Karl Lachmann a 1835 da na Heinrich Holtzmann a 1863, mafi yawan masana Sabon Alkawari suka karkata ga cewa Markus ce ta riga sauran bisharu, kuma Matiyu da Luka sun ɗebo daga gare ta. An rubuta ta da Helenanci wajen shekarun 65 zuwa 75 Miladiyya, zamanin da Yahudawa suka yi wa Rum tawayen da ya kai ga rushe Haikalin Urushalima a shekara ta 70. Surorinta 16 ne, babu labarin haihuwar Yesu, babu salsalar kakanninsa. Tun a ayar farko marubucin ya shaida wa mai karatu cewa Yesu ne Almasihu, amma mutanen da ke cikin labarin, har da waɗanda ke ci da sha tare da shi, suka yi ta lalube a duhu. A kan wannan tazara aka gina littafin. Nazarin nan ya taƙaita ga abin da matanin ke faɗa da yadda aka tsara shi, bai shiga muhawarar aƙida ba.

2.0 Sirrin da Lokacin Buɗe Shi

A surorin farko aljanu ne ke gane Yesu, shi kuma yana tsawata musu su yi shiru (1:34; 3:12). Haka ya ja kunnen kuturun da ya warkar (1:44) da iyayen yarinyar da ya tayar (5:43). A 1901 William Wrede ya bayyana wannan da cewa dabara ce ta Kiristocin farko: a ganinsa ba a san Yesu da sarautar Almasihu ba sai bayan imani da tashinsa, don haka aka shigo da batun sirri a cike giɓin. Wrede ya yi gaskiya da ya nuna cewa shirun nan tsararre ne, amma bayaninsa bai ɗauke dukan shaidun ba. Kuturun ya fita ya baza labari ko'ina, mutumin ƙasar Garasinawa da aka fitar wa aljanu kuwa cewa aka yi ya koma gida ya faɗa wa danginsa (5:19). Sirrin da ke yoyo haka ba zai toshe giɓin tarihi ba. Abin da ya fi ƙarfi shi ne iyakar da aka sa wa shirun a 9:9, inda aka ce ya tsaya har Ɗan Mutum, wato Yesu, ya tashi daga matattu. Kuma Yesu bai amsa wannan matsayi a bainar jama'a ba sai a gaban babban firist (14:61-62), yana ɗaure, a lokacin da amsar ba za ta jawo masa komai ba sai hukuncin kisa. Mutum na farko da ya kira shi Ɗan Allah a cikin labarin shi ne hafsan sojan Rum da ya ga yadda ya mutu (15:39). Ke nan marubucin yana ƙin a ambaci sarautar a inda za a fassara ta da mu'ujiza ko ƙarfin takobi kaɗai.

3.0 Makafi Biyu da Hanyar da ke Tsakaninsu

Zuciyar hujjar tana tsakiyar littafin, wanda aka kewaye da warkar da makafi biyu. A Betsaida (8:22-26) sai da aka taɓa makahon sau biyu. Bayan taɓawar farko ya hangi mutane suna yawo kamar itatuwa. Babu wata warkarwa irin wannan mai hawa biyu a sauran bisharu, kuma Matiyu da Luka ba su ɗauko ta ba. Nan take labarin ya koma yankin Kaisariya Filibi, inda almajirinsa Bitrus ya furta cewa Yesu ne Almasihu, amma da ya ji zancen shan wuya da kisa sai ya ja malaminsa gefe yana tsawata masa. Bitrus ya gani, sai dai ganin nasa rabi ne. Daga nan tsari ɗaya ya maimaitu sau uku: Yesu ya faɗi mutuwarsa (8:31, 9:31, 10:33-34), almajirai suka kasa gane inda aka dosa, sai ya koyar da ma'anar bin sa. Bayan faɗar farko ya yi maganar musun kai da ɗaukar gicciye. Bayan ta biyu almajiran suka yi ta gardama a hanya kan wane ne babba, shi kuwa ya tsai da ƙaramin yaro a tsakiyarsu. Bayan ta uku Yaƙub da Yahaya, 'ya'yan Zabadi, suka roƙi kujerun dama da hagu, ya amsa musu da cewa girma a hidima yake. Sashen ya rufe a Yariko da Bartimawas, makaho mai bara a bakin hanya, wanda ya yar da mayafinsa, ya zabura, idonsa ya buɗe lokaci guda, ya bi Yesu a hanyar da ta nufi Urushalima.

Labarin gicciye ya tabbatar da wannan karatu. Dama da hagun da 'ya'yan Zabadi suka nema, 'yan fashi biyu ne suka same su (15:27). Gicciyen da aka ce almajiri ya ɗauka, wani mai wucewa ne daga Kurane, shi ma sunansa Saminu kamar Bitrus, sojoji suka tilasta masa ɗauka (15:21). Kuskuren almajirai game da Almasihu da kuskurensu game da kansu tushe ɗaya ne: wanda ke jiran sarki mai fada, muƙamin fada zai nema.

4.0 Shin Almajiran Abokan Gaba Ne?

Theodore Weeden, a littafinsa na 1971, ya ce marubucin da gangan ya shafa wa almajirai kashin kaji, domin suna wakiltar wasu abokan hamayyarsa masu wa'azin Yesu mai mu'ujiza kawai. Ba a rasa abin kafa wannan hujja ba: an kira zukatansu masu tauri (6:52; 8:17), sun yi barci a Getsamani, duka sun tsere da aka kama shi (14:50), Bitrus ya yi musun saninsa sau uku. Daɗin daɗawa, a tsofaffin kwafe biyu na ƙarni na huɗu, Sinaitikus da Batikanus, littafin ya ƙare a 16:8, mata sun gudu daga kabari cikin tsoro ba su faɗa wa kowa ba. Sai dai ra'ayin ya yi tuntuɓe da ayoyi biyu. Kafin su tsere an riga an yi musu alkawarin haɗuwa a Galili (14:28), kuma saƙon kabari ya sabunta shi tare da ambaton sunan Bitrus (16:7). Sura ta 13 ma ta hango su a gaban majalisu da sarakuna suna ba da shaida. Marubucin da ke son kore mutane ba zai bar musu wannan ƙofa ba. Bayanin Robert Tannehill na 1977 ya fi dacewa da matanin: an sa mai karatu ya fara ƙaunar masuntan da suka bar tarunsu suka bi Yesu, domin idan suka faɗi ya binciki kansa. Idan aka tuna gallazawar da Nero ya yi wa Kiristocin Rum bayan gobarar shekara ta 64, za a ga dalilin da al'ummar da ta san tsoro da ja da baya za ta buƙaci labarin jagoran da ya yi musu, ya yi kuka, aka kuma sake kiransa.

5.0 Kammalawa

A Bisharar Markus ba a raba sanin Almasihu da bin sa. Shirun da aka umarta yana kare sarautar daga gurguwar fassara, gazawar almajirai kuma tana nuna abin da gurguwar fassarar ke haifarwa a hali. Wrede ya gano tsarin amma ya nemi dalilinsa a bayan littafin, Weeden ya ga faɗuwar amma ya raina alkawarin Galili. Matanin da kansa ya nuna cewa ambaton sunan da ya dace, kamar yadda Bitrus ya yi, mafarin fahimta ne kawai. Cikarta tana ga wanda ya yarda ya bi hanyar har ƙarshenta.