Mayen Ƙarfe, Kaset ɗin Kaka da Dutsen Arlit

Ƴan uwa ɗalibai, bari in fara da laifin da na yi ina ɗan shekara tara. A Akokan muke a lokacin, Baba yana aikin ma'adini. Kakata tana ƙauye can wajen Tawa, ba ta iya rubutu ba, sai ta ɗauki muryarta a kaset ta ba direban mota ya kawo mana. Ni kuwa ina da mayen ƙarfe da na ciro daga tsohuwar rediyo, ina jan shi cikin rairayi yana kwaso baƙin gari. Wata rana na goga shi a kan kaset ɗin. Da aka kunna, murya ta shaƙe, wani wurin sai shuuu kawai. Kafin shekara ta zagayo Allah ya yi wa Kaka rasuwa. Baba bai doke ni ba, cewa kawai ya yi: "Me ka yi wa muryar tsohuwa?" Na daɗe ina neman amsar nan, a tarihi na same ta.

A 1907 wani Bafaranshe, Pierre Weiss, ya ce ƙarfe a cikinsa kashi-kashi yake, kamar gari mai unguwanni. Kowace unguwa tana da maganaɗisunta da ya fuskanci gefe guda. A ƙusar da ba ta jan komai, unguwannin sun saɓa, ƙarfinsu ya kashe juna. A 1919 Heinrich Barkhausen a Jamus ya naɗe ƙarfe da waya, ya haɗa da lasifika, ya matso da mayen ƙarfe a hankali, sai ya ji ƙaras-ƙaras. Daga baya aka gane ƙarar katangun da ke raba unguwannin ce. Katanga tana tafiya, ta sarƙe a wani aibu na ƙarfen, sannan ta kuɓuce da tsalle. Unguwar da ta dace da mayen tana faɗaɗa tana cinye maƙwabta. Abin da ke faruwa ke nan in ka goga allura da mayen ƙarfe har ta fara ɗaukar ƴar uwarta. A 1932 Felix Bloch ya yi bayanin ita katangar: tana da kauri, a cikinta ne fuskar maganaɗisu ke juyawa sannu-sannu.

To ina ruwan Arlit da wannan? Ku biyo ni. Akwai wani malami a birnin Grenoble, Louis Néel. Yana cikin waɗanda suka nuna cewa in ƙwayar ƙarfe ta yi ƙanƙanta ƙwarai, unguwa guda ce, babu katanga a cikinta, kuma tana riƙe fuskar da aka ba ta. Irin waɗannan ƙwayoyin aka shafa a kan zaren kaset. Muryar Kaka tsarin fuskokinsu ce, mayena kuma ya juya su gefe guda. Amsar Baba ke nan. A 1955 Néel ya bayyana wata irin katanga da ke samuwa a shimfiɗar ƙarfe mai matuƙar siranta, har yau da sunansa ake kiranta. A 1956 ya kafa cibiyar binciken nukiliya ta Grenoble a ƙarƙashin CEA, hukumar makamashin nukiliya ta Faransa. Ita wannan CEA ɗin ce masu bincikenta suka gano yuraniyom a yankinmu. Aka kafa SOMAÏR a 1968, gari ya tashi a 1969, Néel ya karɓi kyautar Nobel a 1970, aka fara fitar da yuraniyom a 1971. COMINAK ta biyo baya a 1974, ta fara haƙa a 1978. Hukuma guda, hannu ɗaya a ramin Arlit, ɗaya a ɗakin bincike.

Binciken bai tsaya ba. A 1988 Albert Fert a Faransa da Peter Grünberg a Jamus suka gano hanyar karanta maganaɗisu ɗan mitsitsi da lantarki, abin da ya sa faifan ajiyar kwamfuta ya riƙa ɗaukar bayanai masu yawa. Sun sami Nobel a 2007. A 2008 Stuart Parkin na kamfanin IBM da abokan aikinsa suka bayyana wata dabara: a ɗauki waya wadda silin gashi ya fi ta kauri sau ɗaruruwa, a jera unguwanni a cikinta, mai kallon nan ta zama 1, mai kallon can ta zama 0. In aka saki lantarki, sai ya tura katangun gaba ɗaya su wuce gaban na'urar karantawa, kamar ayarin raƙuman gishiri daga Bilma. Babu abin da ke juyawa, katangun kawai ke gudu, har mita ɗaruruwa a sakan guda. Matsalar ita ce ta zamanin Barkhausen: katanga na iya sarƙewa, ko ta zarce inda ake so ta tsaya. Shi ya sa har yanzu abin bai shigo kasuwa ba. Cikin wuraren da ake wannan aiki akwai Spintec a Grenoble, kuma CEA na cikin masu shi.

Ranar 31 ga Maris 2021 COMINAK ta rufe. Mun ga yadda gidaje suka zama kango a Akokan, abokai suka watse zuwa Agadas da Yamai. Rami yana ƙarewa, amma abin da Néel ya rubuta har gobe ana cin moriyarsa. Ni ban ce a daina maganar wa ya ci, wa ya sha ƙura ba. Maganar tana nan, kuma haƙƙinmu ce. Abin da ke damuna shi ne, shekaru hamsin muna fitar da dutse, amma a lakwal da yawanmu muna gudun lissafi da kimiyya kamar wuta.

Kaset ɗin yana nan cikin akwatin Inna. A hutun da ya wuce na nuna wa ƙanena yadda ake mayar da allura mayen ƙarfe, na ɗora ta kan ganye a kwanon ruwa, ta juya ta tsaya arewa da kudu. Sai ya ce, "Yaya, wa ya faɗa mata?" Na ce ya ɗauko littafinsa.