Harshen damo a Tenerif, 1977

Ran 27 ga Maris 1977, cikin hazo, jirgin KLM ya yi karo da na Pan Am a filin Tenerif, mutum 583 suka mutu. Mataimakin matuƙin KLM ya yi jimlar Ingilishi mai harshen damo: shi yana nufin «muna tashi», mai hasumiya ya fahimci «muna wurin tashi». Daga baya aka keɓe kalmar tashi ga ba da izni ko soke shi.

A ganinmu gyaran bai taɓa matsalar harsuna biyu kan mita ɗaya ba, wadda ta shafi Yamai. A Rwasi ta Faransa, 2000, matuƙa Ingilishi ba su gane iznin da aka ba wani jirgi da Faransanci ba. Ɗayansu ya mutu.